Lambobi biyu da za su kai ka bakin rijiya: yadda ake neman wuri a taswira da latitud da lonjitud

A cikin garin Tawa, in za ka kwatanta wa baƙo gidanka ba ka rasa abin kamawa. Ka ce ya bi gudiro har ya wuce kasuwa, ya karya hannun dama wajen mai shayi, ya tambayi gidan wane. Amma fita bayan gari ka nufi arewa, wajen Abalak ko Cintabaraden, sai kwatance ya ƙare maka a baki. Wannan tudun yashi kamar wancan, wannan aduwa kamar waccan, ga hanyoyin mota sun rarrabu kamar yatsun hannu.

Ni aikina gyaran rijiyoyin burtsatse ne. Wani rani aka aiko mana da takarda cewa famfon wata rijiya ya tsaya, mutane da dabbobi suna cikin ƙishirwa. A ƙasan takardar an rubuta 15°45′ arewa, 5°30′ gabas. Yaron da ke riƙe da waya ya buɗe taswira ya buga 15.45 da 5.30, muka kama hanya tun da asuba. Da rana ta take, wayar ta ce mun iso. Direba ya kashe mota, ya leƙa ta taga ya ce, "Mushe, nan fa ko sawun akuya babu." Can muka hango wani dattijo makiyayi, na je na gaishe shi na ce, "Baba, don Allah ina rijiyar da ta lalace?" Ya ɗaga sandarsa ya nuna arewa maso gabas, ya ce, "Ɗana, kun baro ta nesa. A kan raƙumi yini guda ne." Kusan kilomita 40 ke tsakaninmu da ita. Ba mu isa ba sai bayan la'asar, mai ya kusa ƙarewa, mutanen da ke jiranmu kuma sun ƙara kwana ba ruwa, don duhu ya hana mu gama aikin. Takardar ba ta yi kuskure ba, wayar ma haka. Mu ne ba mu san yadda ake karanta abin da ke hannunmu ba. Tun ranar na ɗaura niyyar koyon abin nan daga tushe, kuma shi ne zan shimfiɗa a nan yadda nake koya wa yaran da muke aiki tare.

Fara gane layukan kansu

Ɗauki lemu ko kankana a matsayin duniya. Zana layi ya zagaye cikinta daidai tsakiya, kamar ɗamara. Wannan shi ne Ikweta, kuma daga nan ake fara ƙirga latitud: sifiri a kan ɗamarar, digiri 90 a ƙololuwar arewa, digiri 90 a ƙarshen kudu. Layukan latitud a kwance suke, suna bin juna ba sa haɗuwa, kamar kunyoyin gona. Abin da latitud ke gaya maka shi ne nisanka daga Ikweta, arewa ko kudu.

Lonjitud kuma layuka ne a tsaye, daga ƙololuwar arewa zuwa ta kudu, kamar tsagin ɓawon lemu. Su ba su da wata tsakiya da halitta ta ba su, sai da mutane suka zauna suka zaɓa. A taron da aka yi a birnin Washinton a 1884 aka amince a fara ƙirga daga layin da ya ratsa Girinwic, a gefen birnin Landan. Layin nan ya gangaro ta Faransa da Sifen da Aljeriya, ya ratsa Mali daf da garin Gao, ya bi ta Burkina Faso da Togo, ya faɗa teku ta Gana. Daga shi ake ƙirga digiri 180 gabas, digiri 180 yamma.

Ga abin da ya kamata ɗan Nijar ya haddace kafin komai. Ƙasarmu gaba ɗayanta tana arewa da Ikweta, kuma tana gabas da layin Girinwic. Daga kudu wajen Gaya zuwa can ƙarshen arewa, latitud ɗinmu yana tsakanin digiri 11 da rabi da 23 da rabi. Daga yamma wajen Tera zuwa iyakar Cadi, lonjitud ɗinmu yana tsakanin sifiri da 16. Duk lambar da aka ba ka aka ce a Nijar take, ka fara auna ta da wannan sikeli. Yamai tana wajen 13°31′ arewa, 2°07′ gabas. Tawa tana 14°53′ arewa, 5°16′ gabas. Agadas 16°58′ da 7°59′, Damagaram 13°48′ da 8°59′, Maraɗi 13°30′ da 7°06′. In ka riƙe na garinku da na garuruwa biyu ko uku a kai, lamba ba za ta ruɗe ka cikin sauƙi ba, don kana ganinta za ka ce wannan ai arewa da mu ce, ko gabas da Maraɗi ce.

Latitud kana iya ganinsa da idonka ma. Da dare ka fuskanci arewa ka nemi tauraron arewa, wanda ba ya gusawa. Tsayinsa daga inda sama ta haɗu da ƙasa daidai yake da latitud ɗin inda kake tsaye. Miƙe hannunka ka dunƙule shi: dunƙule ɗaya kamar digiri 10 ne. A Tawa za ka same shi a dunƙule ɗaya da rabi. Lonjitud kuwa a lokutan salla muke jin sa kullum. Duniya tana juya digiri 15 a awa guda, wato kowane digiri minti 4 ne na agogo. Tsakanin Tawa da Yamai digiri uku da ɗan wani abu ne, shi ya sa rana take rigan karkata a Tawa da kamar minti 12 ko 13. Tsakanin Difa da Yamai kuwa tazarar ta kai minti 40. Wanda ya taɓa yin waya da ɗan'uwansa na Difa a watan azumi ya ji shi yana shan ruwa alhali shi rana ba ta faɗi ba, ya riga ya san lonjitud.

Sittin da ɗari: inda muka yi tuntuɓe

A nan zan daɗe, don nan ne ramin da ya fi cin mutane.

Digiri ɗaya babba ne. A latitud, kilomita 111 ne ko'ina a duniya. A lonjitud yana raguwa in kana nisa da Ikweta, saboda layukan suna matsowa kusa da juna. A wajenmu Yamai da Tawa kamar kilomita 107 zuwa 108 ne. To ba a neman rijiya a fili mai faɗin kilomita ɗari, dole a yayyanka digirin ƙanana. Hanyoyin yankan ne suka bambanta, kuma guda uku za ka riƙa cin karo da su.

Ta farko ita ce tsohuwar hanya, irin ta agogo. Digiri ɗaya minti 60, minti ɗaya sakan 60. Sunan kawai suka ara, ma'aunin nisa ne ba na lokaci ba. Minti ɗaya na latitud ya kai mita 1850, sakan ɗaya kuma kamar mita 31. Ana rubuta ta haka: 14°53′24″. Ɗan da'irar nan digiri ne, karan tsaye guda ɗaya minti, guda biyu sakan.

Ta biyu ita ce ta waya da kwamfuta: digiri, sai ɗigo, sai lambobi. Misali 14.8900. A nan goma-goma ake yanka digirin, kamar yadda ake yanka mita zuwa santimita.

Ta uku tana tsakiyar biyun, kuma ita ce na'urorin GPS na hannu da yawa suke nunawa: digiri, sai minti mai ɗigo. Misali 14°53.400′.

Waɗannan lambobi uku da na rubuta duk wuri ɗaya ne. Duba su da kyau. A ta farko da ta uku akwai 53, a ta biyu akwai 89. Rabin digiri a lissafin agogo 30′ ne, a lissafin waya kuwa .50 ne. Mu da muka ga 15°45′ muka buga 15.45, mun ɗauki kashi 45 cikin 60 mun mayar da shi kashi 45 cikin 100. Abin da ya kamata mu buga shi ne 15.75. Bambancin 0.30 ne, ka ninka da 111, kilomita 33 ke nan muka rage a kudu. Lonjitud ma 5°30′ ai 5.50 ne, mu kuma muka sa 5.30, muka ƙara karkata yamma da kilomita 21.

Juya lissafin ba wuya, na'urar lissafin da ke cikin kowace waya ta isa. Ɗauki 14°53′24″. Ajiye 14 gefe. Raba minti da 60: 53 a raba da 60 ya ba da 0.8833. Raba sakan da 3600: 24 a raba da 3600 ya ba da 0.0067. Tara su duka uku, ka sami 14.8900. Haka za ka yi wa lonjitud: 5°16′12″ ya zama 5 da 0.2667 da 0.0033, wato 5.2700. In kuma irin ta uku ce aka ba ka, raba mintin da 60 kawai tare da ɗigonsa: 53.400 a raba da 60 ya ba da 0.8900.

Komawa baya kuma ninkawa ake yi. A ce waya ta nuna maka 13.5137 a Yamai, kana son ka nemo shi a taswirar takarda. Digiri 13 ne. Ɗauki abin da ke bayan ɗigo, 0.5137, ka ninka da 60, ka sami 30.822, minti 30 ke nan. Sake ɗaukar abin da ke bayan ɗigo, 0.822, ka ninka da 60, ka sami 49. Amsa ita ce 13°30′49″. Gwada da kanka da 2.1098, in ka sami 2°06′35″ ka kama hanya.

Akwai wata alama da ke taimaka mini in takarda ta zo ba a rubuta alamomin da kyau ba. Minti da sakan ba sa kaiwa 60. In na ga 14.89, na san ta waya ce, don babu minti 89. In na ga 14.53 kuwa, sai in dakata, don tana iya zama kowacce. A irin wannan hali ba na tayar da mota sai na kira wanda ya rubuta na tambaye shi daga wace na'ura ya kwafo. Da mutum zai ɗauki 14°53′ da 5°16′ na Tawa ya buga 14.53 da 5.16, wajen Illela zai tsinci kansa.

A kan taswirar takarda

Wasu suna ganin takarda ta zama tsohon yayi. Ni dai ba na shiga daji ba tare da ita ba, don ba ta cin batir kuma zafin rana ba ya kashe ta. A Yamai akwai hukumar taswira ta ƙasa, IGNN, ita ce mai kula da wannan aiki. Taswirar da aka fi sani a aikin karkara ita ce mai ma'aunin 1/200 000, wato santimita ɗaya a takarda kilomita biyu ne a ƙasa, kuma kowace takarda tana ɗauke da digiri ɗaya a tsaye, digiri ɗaya a kwance.

Shimfiɗa ta a kan tabarma ko bisa bonet ɗin mota, ka danne kusurwoyin da duwatsu. Sama arewa ce, hannun damanka gabas. Kafin ka taɓa tsakiya, karanta kusurwoyi huɗun. A takardar da Tawa take ciki za ka ga 14° a ƙasa, 15° a sama, 5° a hagu, 6° a dama. In lambar da ke hannunka ba ta faɗa tsakanin waɗannan ba, ba takardar ba ce, nemo maƙwabciyarta. Lambobin latitud suna gefen hagu da dama, suna ƙaruwa in kana hawa sama. Na lonjitud suna sama da ƙasa, kuma a ƙasarmu suna ƙaruwa in kana tafiya dama.

A ce 14°53′ da 5°16′ kake nema. Bi gefen hagu daga 14° kana hawa, kana ƙirga tsage-tsagen minti da ke jikin firam ɗin, har ka kai 53. Sa ɗigo da fensir. Yi haka a gefen dama ma. Kada ka tsaya a gefe ɗaya ka ja layi da ido, hannu yana karkata, kuma karkatar santimita ɗaya kilomita biyu ce. Ɗauko zare ka miƙe shi daga ɗigon hagu zuwa na dama, wani ya riƙe maka. Sannan ka bi gefen ƙasa daga 5° zuwa dama har minti 16, ka yi haka a gefen sama, ka miƙa zare na biyu. Inda zaren biyu suka gicciye, nan ne wurin.

In tsage-tsagen sun goge, ko kwafi ne aka yi maka da bai fito da su ba, regil zai fitar da kai. Auna tsayin takardar daga layin 14° zuwa na 15°. A ta asali wajen santimita 55 ne, amma auna taka, don na'urar kwafi tana ƙara girma ko ta rage. Raba abin da ka samu da 60, ka san tsawon minti ɗaya, ka ninka da 53. Zai ba ka kusan santimita 49 daga ƙasa. Faɗin kuma auna shi dabam, kada ka ɗauka daidai yake da tsayin. Wajen santimita 54 ne, minti 16 kuma zai faɗa kusan santimita 14 daga hagu.

In wurin ka sani a taswira, lambarsa kake so, sai ka juya aikin: ɗora zare a kan wurin a kwance, daidai da layin ƙasa, ka karanta inda ya taɓa gefe, ɗora shi a tsaye ka karanta sama da ƙasa.

Duba ƙasan takardar ma, inda aka yi ƙananan rubutu. Nan ake faɗin shekarar da aka zana ta da tsarin awon da aka bi. Waya da GPS suna aiki da tsarin da ake kira WGS 84, tsofaffin taswirori kuwa da wani tsarin aka yi su, don haka kana iya ganin saɓanin mita ɗari ko fiye. Wajen neman gari wannan ba komai ba ne. Sai dai ka tuna ƙauyuka suna tashi, wasu suna kafuwa, gulbi yana sauya hanya, takarda kuwa tana nan yadda aka buga ta.

A kan waya

Abu na farko da mutane da yawa ba su sani ba: GPS ba ya bukatar mega, ba ya bukatar rezo. Wayarka saurare kawai take yi daga taurarin ɗan'adam da ke shawagi a nisan kilomita dubu 20 da ɗoriya, kuma in ta ji aƙalla huɗu daga cikinsu za ta lissafa inda take. Hoton taswirar ne ke cin mega. Saboda haka tun kana gari ka sauke taswirar yankin da za ka. Google Maps yana ba da damar ajiye yanki, manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps kuma suna barin ka sauke Nijar gaba ɗaya ka yi aiki da ita ko babu rezo.

Don ɗaukar lambar inda kake, kunna alamar wuri a wayar, wadda a waya mai Faransanci aka rubuta Localisation ko Position. Fita fili. Ƙarƙashin rufin kwano ko cikin mota lambar tana rawa. Buɗe taswira ka jira shuɗin ɗigon nan ya natsu, da'irar da ke kewaye da shi ta ƙanƙance. Minti ɗaya ko biyu na haƙuri a nan ya fi awa guda na yawo daga baya. Sai ka danna yatsa a kan wurin ka riƙe har jan ƙusa ya fito. Lambobi biyu za su bayyana, ta farko latitud, ta biyu lonjitud. Kwafe su, kuma ka rubuta su a kaye da bik. Waya tana faɗawa rijiya, ana sace ta, tana mutuwa.

Don neman wurin da aka ba ka, buga lambobin a gurbin bincike, latitud a gaba, sai waƙafi, sai lonjitud: 14.8900, 5.2700. A nan mu da muka yi lakwal da Faransanci muna da tarko namu na musamman. An koya mana rubuta 14,89 da birgil, wato waƙafi, manhajar kuwa ɗigo take so a cikin lamba, waƙafi kuma shi ne mai raba lambobin biyu. In ka buga 14,89, 5,27 za ta rikice, ko ta ce ba ta gane ba. Mai da kowane birgil na cikin lamba ya zama ɗigo.

Sai jeri. In ka juya na Yamai ka sa 2.11 a gaba, 13.51 a baya, ƙusar za ta sauka cikin kurmin da ke wajen iyakar Kamaru da Kwango. Wannan kuskure yana da sauƙin kamawa a Yamai da Tawa, tunda lambar farko ce babba. A gabashin ƙasa, wajen Difa, inda lambobin biyu suka kusa zama ɗaya, 13 da 12, sai an ƙara lura.

Sai alamar ragi. A waya, kudu da yamma da alamar ragi ake nuna su. Lambar wuri a Nijar ba ta ɗaukar wannan alama ko kaɗan. In ƙaramin karan nan ya maƙale a gaban 2.11, ka bar Yamai ka koma Burkina Faso, kusa da Wahiguya. Haka harafi: N arewa, S kudu, E gabas. Yamma kuwa W ne a takardun Ingilishi, O a na Faransanci, kuma wannan O ɗin wasu suna karanta shi sifiri.

Sifirin kansa abin kula ne. 2.07 da 2.7 ba ɗaya ba ne, kusan kilomita 68 ke tsakaninsu. Kuma kada ka yanke wutsiyar lamba don ta yi maka tsawo. Lamba ɗaya bayan ɗigo tana nuna fili mai kilomita 11, biyu kilomita ɗaya da ɗan kai, uku mita 111, huɗu mita 11, biyar kamar mita ɗaya. Don gari, biyu sun isa. Don rijiya ko ƙofar gida, huɗu ko biyar. Abin da ya wuce haka wayar hannu ba ta kai can ba, ko da ta rubuta shi.

Aikawa ta WhatsApp tana da daɗi in akwai mega a ɓangarorin biyu. In babu, saƙon SMS ya wadatar, lambobi ne kawai. In kuma da baki za ka faɗa, kada ka ce "sha huɗu da tamanin da tara". Faɗi ɗaya bayan ɗaya: ɗaya, huɗu, ɗigo, takwas, tara, sifiri, sifiri. Sannan ka ce wa mai sauraro, "Maimaita mini, Malam." Ni ba na ajiye waya sai na ji an karanto mini daidai.

Kafin ka tayar da mota

Lambobi biyu suna iya gaya maka nisa tun kana zaune. Tawa da Ƙonni kusan lonjitud ɗaya suke, har da Sakkwato a can ƙetaren iyaka. Ƙonni tana 13°47′, Tawa 14°53′, bambanci minti 66. Ninka da 1.85, kilomita 120 da ɗan kai a miƙe. Tsakanin Yamai da Tawa kuma, bambancin latitud digiri 1.38 ne, wato kilomita 153, na lonjitud 3.16, wato kilomita 341. In ka ninka kowanne da kansa, ka tara, ka ɗauki tushen jimlar (alamar √ a na'urar lissafi), za ka sami wajen kilomita 375. Wanda ya hau bas ta Doso da Dogondutsi da Ƙonni ya san hanyar ta haura 500. Wannan nisan tsuntsu ne, shi ya sa ba a auna mai da shi. A daji nakan ƙara rabin abin da lissafi ya ba ni, da damina kuma fiye.

Kibiyar da ke kan waya ba ta san ƙorama ta kawo ba, ba ta san yashin da ke cin taya ba, ba ta san gonar mutane ba, kuma ba ta san hanyar da ba lafiya a wannan zamani da muke ciki ba. Wannan a bakin mutanen wurin yake. Tsaya ka gai da mai gari, ka tambayi makiyaya, ka gaya wa na gida lambar inda ka nufa da lokacin da ya kamata su ji daga gare ka. Lambar gidanka kuwa, ko ta rugar da dabbobinka suke kwana, ba ta zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu ba ce. Ba wanda zai zo kawai.

Game da gona da fili, ina ƙarfafa kowa ya taka kusurwoyin gonarsa ya rubuta lambar kowacce, ya ajiye tare da takardunsa. Amma waya tana iya kaucewa da mita uku, biyar, har goma, kuma rigimar iyaka a kan taku biyu take tashi. Kada ka ɗaga waya a gaban maƙwabcinka ka ce ta yanke hukunci. Wannan aikin jiyometir ne mai na'urar da ta dace, da kwamitin filaye na Kofo da dokar karkara ta 1993 ta tanada, da dattawan da suka san inda aka dasa gamba tun kaka da kakanni. In ka duba takardar fili ka ga X da Y da lambobi dogaye ba digiri, wani tsari ne dabam mai suna UTM, wanda ke ƙirga da mita. Yamai da Tawa duk suna yanki na 31 a cikinsa. A Yamai X yana wajen 400 000, Y kuma wajen 1 490 000, kuma Y ɗin nan nisanka ne daga Ikweta da mita. Ba a buga su kai tsaye a gurbin da ake buga latitud, sai an juya su, ko an sauya tsarin a cikin manhajar.

In kana son gwaji na farko yau da dare, buga 17.75, 10.07. Za ka ga fili fetal, ba gari ba gulbi. Nan ne bishiyar Tenere ta tsaya ita kaɗai tana yi wa ayarin gishiri alama, har aka sa ta a taswirori, kafin wata babbar mota ta kayar da ita a 1973. Gangar jikinta tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai. Juya lambar zuwa digiri da minti, ya kamata ka sami 17°45′ da 10°04′. Da safe kuma ka fita ƙofar gida ka ɗauki taka, ka buɗe kaye ka rubuta sunan wurin, kwanan wata, latitud a layin sama da N a gabansa, lonjitud a layin ƙasa da E, sannan a gefe ka rubuta ko daga waya ka kwafo ko daga takarda.